Ƙararrawar Baba

Da raini suka fara, kuma ita ce ta fara rainawa.

Ranar da aka buɗe bitar malamai a gidan adana kayan tarihi, an zaunar da su a wani ɗaki da ke bayan zauren baje koli, mai dogayen tebura da fanka ɗaya da ke kuka ba iska. Malaman tarihi suka tare a dama, malaman kimiyya a hagu, suna hararar juna kamar waɗanda aka haɗa rabon gado. Malamar Tarihi tana layin gaba da jan biro a hannu, tana gyara kurakuran takardar da aka raba musu. Ba wanda ya sa ta. Hannunta ne ba ya iya ganin kuskure ya wuce.

Sai ga wani malamin kimiyya ya shigo a makare, dogo, da farin alli a gwiwar wandonsa, alhali makarantu suna hutu. Bai nemi kujera ba. Kai tsaye ya nufi teburin da aka jera kayan da, ya ɗauki wata tsohuwar tukunya, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya kara a kunne.

"Safar hannu!" Mai Kula da kayan ta daka masa tsawa daga bakin ƙofa. "Malam, ajiye ta! A hankali!"

Ya ajiye, ya juyo yana murmushin wanda bai san ya yi laifi ba, idonsa ya faɗa cikin na Malamar Tarihi. Ta yi masa irin kallon da take wa ɗalibin da ya kwafi amsa har da sunan mai ita, ta koma kan takardarta.

Masu ba da labarin soyayya sun cika cewa a kallon farko zuciya bugawa take yi. Tata ba ta buga ba. Tsaki ta yi.

Jagoran bitar wani saurayi ne mai sheƙi, da kati rataye a wuya, wanda malamai suka raɗa wa suna Kwansaltan tun kafin a tashi shan shayi. Ya ɗan taɓa koyarwa, alli ya shaƙe shi, ya gudu. Yanzu yana yawo gari gari yana koya wa waɗanda suka zauna yadda ake zama a aji.

"Ba mun zo mu koyar da ku ba ne," ya ce, majigi na haska masa rabin fuska. "Mun zo mu buɗe ku ne."

"Gwangwani ya ɗauke mu," wani ya faɗa daga baya.

Da ta waiga, mai allin ne. Dariya ta taso mata, ta danne da ƙyar, ta ji haushin kanta.

In aka zubar da kumfa, abin da bitar ta ƙunsa bai fi cikin cokali ba, kuma Mai Kula ce ta faɗe shi tana raba safar hannu: ka duba, ka yi tambaya, sannan ka taɓa. Haka ake so malami ya saba wa yara da tsohon abu, maimakon ya cika musu allo da shekaru su haddace su manta. Sauran duk kibiyoyi ne da da'irori a jikin bango. Daga nan aka ce kowane malamin tarihi za a haɗa shi da na kimiyya, su zaɓi abu ɗaya daga akwatunan aro, su tafi da shi, su shirya darasin da za su gabatar ranar rufewa. Aka haɗa ta da mai alli. Ta ɗaga hannu ta nemi canji. Kwansaltan ya yi mata murmushi ya ce rashin jituwa ma hanyar koyo ce, kuma in ta gaji, ofishinsa a buɗe yake.

"Malama," in ji mai allin yana jawo kujera kusa da ita, "tukunyar nan fa ta gasu da kyau. Ƙararta ce ta faɗa min."

"Ta faɗa maka wanda ya gina ta?"

"Ba mu kai nan ba."

"Abin da aka dafa a ciki fa?"

"A ba ni ita in ɗan kankari gindin in kai ɗakin gwaji, gobe in faɗa miki."

"Allah ya tsare tukunya."

"Amin. Ni kuma ya tsare ni daga jan biron nan."

Tun daga ranar ya sa mata Jan Biro. Ita kuma ta sa masa Ɗan Gwaji, da nufin zagi. Ya karɓa kamar an naɗa shi sarauta.

Ba kyansa ne ya ci ta ba, don ba wani kyau gare shi ba. Wani abu ne da ba kasafai ake samu a bakin malami ba: ya iya cewa "ban sani ba" ba tare da ya yi tari ya gyara hula ba. A zauren baje koli zai kwanta a ƙasa don ya leƙa ƙarƙashin masaƙa, ya tashi da ƙura a hanci ya ce, "Jan Biro, me ya sa matakin hagu ya fi cinyewa?" In ta fara bayani, wayarsa na aljihu take zama har ta gama. Ita da ta saba yi wa bango magana a aji da ɗakin malamai, sai ta fara jin muryarta tana daɗi.

Saƙonni suka biyo baya.

"Jan Birona, na koma gida duk abin da na ɗauka sai na tambaye shi wa ya ƙera shi. Cokali ma bai tsira ba. Kin lalata ni."

"Lalacewarka ta riga zuwana. Ka ci abinci?"

"Wannan tambayar ta tarihi ce ko ta soyayya?"

"Ta tausayi ce."

Ta ajiye wayar tana murmushi, ta tsargu, ta kife ta. Ba a jima ba wani saƙon ya shigo.

"Ina son ki. Na gwada ta kowace hanya, sakamakon bai canja ba."

Ta daɗe tana kallonsa tana neman kuskure. Babu. Sai ta rubuta: "Ɗan Gwajina, a maimaita gwajin a gaban Baba."

Babanta tsohon hedimasta ne, mutumin da ko gaisuwa ka yi masa sai ka ji kamar za a ba ka maki. Kwansaltan ya riga ya kai kansa gidan a mota neman aurenta, ya zauna a falo ya yi maganar tarukan da ya halarta har shayi ya huce. Da Ɗan Gwaji ya zo, Baba bai tsawaita ba.

"Me kake koyarwa?"

"Kimiyya, Baba."

"Yaushe za ka bari?"

"Ba ni da niyya, Baba. Ina son aji."

"Allah ya ba ka lafiya," in ji Baba, ya ɗauki jaridarsa.

Bayan ya tafi Baba ya kira ta.

"Malami ya auri malama, su haifi me? Allo? Shekara da shekaru ana lallashinmu da cewa sai a lahira za a biya mu, gashina ya yi fari kafin na lura masu faɗar haka duk a nan duniya suke karɓar nasu. Wancan mai katin ya fi shi wayo, ya san ƙofar fita."

"Baba, wancan bai san komai ba."

"Ya san mota."

Amma mutumin da ke zagin alli haka yana da rauni guda, kuma 'yarsa ta san inda yake. Lokacin da aka rushe makarantar da ya yi karatu a cikinta ya kuma shugabance ta, don a gina shaguna, shi ya ɗauko ƙararrawarta ta hannu ya kai gidan tarihi. Ta tagulla ce mai mariƙin itace, shekaru sun rufe ta da wani kore mai duhu. Duk ɗalibin da aka taɓa ba aikin kaɗa ta, sai ya sa tsinin ƙusa ya zana alamarsa a jikin koren, kusa da baki. Ta Baba na ciki, tun yana ɗan gajeren wando. Ƙararrawar tana cikin akwatunan aro, kuma an gayyaci Baba ranar rufewa a matsayin wanda ya ba da ita. Don haka Malamar Tarihi ta zaɓe ta, ta faɗa wa Ɗan Gwaji dalili. Ya ce a bar masa akwatin ya auna nauyinta ya gano irin ƙarfen.

Da safiyar da ta je ɗakin gwajin makarantar da yake koyarwa, warin lemon tsami ne ya tare ta tun daga baranda. Yana zaune a kan dogon benci, yatsunsa kore shar, ga gishiri a faranti, ga soson ƙarfe. Ƙararrawar na gabansa. Rabinta na nan yadda take. Ɗaya rabin na ƙyalli kamar haƙorin zinare.

"Na so Baba ya gan ta kamar ranar da aka ƙera ta," ya ce, bai ɗago ba. "Sai da na kai rabi na ga zanen yana bin soso."

Ta sa safar hannu, ta juya ƙararrawar a hankali, ta sake juyawa. Ta san inda alamar Baba take, don ya sha nuna mata. Wurin sumul yake.

"Duba, tambaya, taɓa," ta ce. "'Yan firamare ma suna riƙe su. Wa ka tambaya?"

"Babu."

"Ina da waya. Kana turo min saƙo a kan cokali!"

"Na so ya zama abin mamaki."

"Ya zama."

Ta fita ta nufi ofishin Kwansaltan, tunda shi ne jagora. Ya saurare ta, ya tashi ya rufe ƙofa, ya rage murya. Ya ce kada Mai Kula ta ji, don abin zai ɓata rahoton bitar gaba ɗaya. Ya ce wanda ya iya cire kore ya iya mayar da shi, masu kimiyya suna da haɗin da ke tsufar da tagulla cikin kwanaki. Zanen kuwa ƙusa ce ta yi, ƙusa ba ta ƙare a kasuwa ba. Wa zai ƙirga?

"Zan yi masa magana," ya ce. "Ke dai mace irinki ba ta dace da mai ɓarna ba."

Washegari Kwansaltan ya tare ta a kan matakala ya ce an daidaita, abokin aikinta ya fara. Ba ta yarda ba sai da ta koma makarantar ta leƙa ta taga. Kwalabe ne jere a kan benci, cikin kowace akwai tsohon makulli na tagulla rataye da zare, duk sun soma yin kore.

A tsaye a barandar ta rubuta masa: "Goge ƙararrawa wauta ce, wauta kuma ana yafe ta. Abin da na gani a kwalabenka ƙarya ce. Za ka zana wa Baba yarintarsa da ƙusar kasuwa? Kada ka sake kirana."

"Jan Birona, ki tsaya in yi miki bayani."

Ta toshe lambarsa. A bita ta koma can ƙarshen tebur, in ya matso ta tashi. Baba kuwa ba ta ce masa komai ba. Mai gyara takardar kowa ta kasa buɗe baki a falon gidansu. Kullum sai ta ce gobe, tana kallonsa yana goge takalmin da zai sa ranar rufewa.

Ranar ta zo. Aka jera kujeru a zauren baje koli, Baba a layin gaba, sanda tsakanin gwiwoyi. Malamai suka riƙa fitowa bibbiyu suna karanta abin da ke jikin bango ga mutanen da suka iya karatu, ana tafa musu don a samu a kai ga lemo da biskit. Da aka kira su, ta miƙe. Ta ƙudurta da zarar ya fito da jabun, ita za ta tona, ko da kuwa shi ne ƙarshen komai.

Ɗan Gwaji ya sa safar hannu, ya buɗe akwatin, ya ɗora ƙararrawar a kan tebur. Rabi kore, rabi ƙyalli, yadda ta bar ta.

Zauren ya ɗauki salati. Mai Kula ce kaɗai ba ta motsa ba, tana jingine da bango ta harɗe hannu. Ashe tun ranar da ya goge ta ya kai mata ita da kansa, ta wanke shi tas da faɗa, ta cire sunansa daga masu karɓar satifiket, ta ce ya gama aron kaya a gidan nan, amma darasin ya gabatar, don a ga aikinsa.

"Ni na yi wannan," ya ce. "Ban tambayi kowa ba."

Ya zazzage makullan nan a faranti, ya bi layi yana raba wa mutane, ya ce kowa ya murza nasa da babban yatsa. Aka murza. Koren ya bi yatsu kamar garin alli.

"Wannan koren nawa ne, a kwalba na yi shi. An ba ni shawara in shafa wa ƙararrawa irinsa a wuce wurin. Na yi shi a kan makullai ne don yara su ga bambanci. Wancan na jikinta, iska ce da gumin hannun 'yan makaranta suka daɗe suna yin sa, kuma ba ni da kwalbar da ke yin irinsa. Iyakar kimiyyata ke nan." Ya juyo gare ta. "Gefen da ya tsira, ban iya karanta shi ba. Malama?"

Kunya ta rufe ta har kunnuwa. Ta matso, ta juya wa mutane gefen koren, ta tambaye su abin da suke gani. Wani ya ce haruffa. Wata ta ce akwai mai kama da tsuntsu. Ta tambaye su me ya sa wasu alamun suka yi zurfi wasu suka karkace, wa ke zane cikin sauri, tsoron wa yake ji. Malaman da suka yi makonni suna hamma suka taso suka kewaye tebur suna gardama.

Sanda ta buga ƙasa. Aka dare. Baba ya tako har gaban ƙararrawar, ya sunkuya, ya daɗe yana duba gefen ƙyallin.

"Tawa tana ina?"

"Na goge ta, Baba."

Kwansaltan, wanda ya ga yadda darasin ya karɓu, kuma bai taɓa ganin yabo ya wuce bai tare shi ba, ya yi wuf ya ɗauki makirufo.

"Jama'a, wannan shi muke kira koyo ta hanyar kuskure. Tun farko muka tsara shi cikin manhajar bitar."

Baba ya miƙe a hankali.

"Kai ka tsara?"

"Ƙwarai, Baba."

"Wato kai ka sa a goge min ƙararrawa."

"A'a, wato, ba gogewar ba, tsarin dai..."

"Yaro, tambaya ɗaya na yi. Ka tsara ko ba ka tsara ba?"

Muryar hedimasta ce, wadda ta sa manyan mutane da dama a zauren suka gyara tsayuwa ba su sani ba. Kwansaltan ya kalli makirufon kamar wani ne ya saka masa a hannu. Baba bai jira amsa ba. Ya juya ya fita, ko 'yarsa bai kalla ba.

Kwanaki ya yi ba ya amsa mata sai gaisuwa. Ta kai masa shayi ya sha, ta tsaya ya buɗe jarida. Ran nan da hantsi ya kira ta, yana zaune a baranda.

"Kin sani, kika bar ni ina goge takalmi."

"Na ji tsoro, Baba."

"Tsoro ba ya gyara komai. Ki riƙa sa wa kanki jan biron nan wani lokaci." Ya naɗe jaridar. "Wawaye biyu ne ke neman ki. Ɗaya ya san shi wawa ne. Ki ce masa ya turo manyansa."

"Baba..."

"Ban ce na yafe ƙararrawa ba. Wannan ni da shi ne, har in mutu zan riƙa tuna masa."

Ta shige ɗaki, ta buɗe lambar da ta toshe, ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge.

"Ɗan Gwajina, na yanke maka hukunci ban ji bayaninka ba. Ka yafe min. Baba ya ce ka turo."

"Jan Birona, in kin ga kuskure a saƙon nan ki bar shi haka. Ba ni da satifiket, ba ni da mota. Kin tabbata?"

"Na ga masu satifiket. Ka turo."

Aka ɗaura aure kafin a koma makaranta. Kwansaltan bai zo ba, amma an ce ya saka auren a rahotonsa, a matsayin shaidar haɗin gwiwa tsakanin fannoni. Mai Kula ta zo, ta yi wa amarya kyautar madubi, ta ce kada a bari ango ya riƙe.

Da za a tafi da amarya, Baba ya kama wuyan hannun ango, ya riƙe gam kamar ya kama mai tsallake katanga.

"Saurara. Yau tana ƙyalli, kowa na so. Shekaru za su hau ta. Haihuwa da aji da halinka duk za su bar mata zane. Ranar da ka ga haka, ka ajiye soso, ka zauna ka karanta."

"In sha Allah, Baba."

Sai ya saki hannun, ya dafa kan 'yarsa, ya gyara murya.

"Allah ya yi muku albarka. Ya zaunar da ku lafiya, ya rufa muku asiri duk da kun zaɓi alli. Ya ba ku 'ya'ya masu hankalin uwarsu da gaskiyar ubansu, kada ya juya."

Aka yi dariya, aka shafa. Amarya na kuka tana dariya a cikin mayafi, amin ɗin ango kuwa har waje aka ji shi.